Motar kuran ta iyali a Maraɗi: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Dillali ya kawo mini motoci biyu masu aiki da kuran (wutar lantarki), Nissan Leaf ta 2018 da BYD Atto 3, duka na hannu. Ya ce in zo in ɗana. Me zan duba? (Alhaji, unguwar Zariya)

Alhaji, kada ka yarda da zagayen minti goma a cikin gari. Kowace motar kuran daɗi gare ta a minti goman farko, ba ƙara, ba girgiza, kana taɓa ta ta zabura. Abin da kake saye batir ne, shi kuwa ba ya tona kansa sai an gajiyar da shi.

Ka ce a kawo ta cike da caji. Ka zaɓi tsakar rana, wajen ƙarfe 2, ka ɗauki mutum huɗu ko buhunan da suka kai nauyinsu, ka kunna kilim, wato na'urar sanyaya mota, kamar yadda iyali za su kunna. Kafin ka tashi, rubuta kilomita da kason caji da allo ya nuna. Ka hau kwalta, hanyar Gidan Rumji ko ta Ɗan Isa, ka yi kilomita 25 ka juyo, kana gudu tsakanin 90 da 100. In kilomita 50 ɗin nan sun ci kashi 20 cikin 100, to motar tana yin 250 a cike. Cire kashi 20 da ba za ka so ka taɓa ba, saura 200. Wannan shi ne nisanta a wurinka. Lambar da allo ke rubutawa cewa saura kilomita kaza ƙiyasi ce daga tuƙin baya, kuma wanda ya lallaɓa ta a hankali kwana biyu zai sa lambar ta kumbura.

Daga kwalta ka shiga lungu mai rairayi, ka hau tudun rage gudu da lodinka. Batir a ƙarƙashin mota yake shimfiɗe, kuma Leaf ba ta da tsayi, tsakaninta da ƙasa wajen santimita 15 ne. Atto 3 ta ɗan fi ta. Bayan haka a hau da ita ramin wanki ko na gareji ka leƙa. Ƙujewa a murfin roba ba komai ba ce. Lotsawa a jikin akwatin batir kuwa, ka bar motar ko da an karya maka kuɗi, don ta nan ruwan Agusta zai shiga. Buɗe but ma ka gani, yawancin motocin kuran ba sa zuwa da safayar taya.

Na ƙarshe, wanda mutane ke mantawa: a jona ta a gidanka, ba a gidan dillali ba, ta yi awa guda tana caji kana taɓa waya da soket ko sun yi zafi.

Tsakanin biyun, a zafin Maraɗi mun fi karkata ga Atto 3. Batirin Leaf ba shi da ruwa ko fanka mai sanyaya shi, iskar waje kawai yake jira, ga Afrilu da Mayu ana wuce digiri 40. Zafi ne ke tsofar da batir fiye da yawan tafiya. Leaf tana nuna lafiyar batirinta da sanduna 12, kuma sanda ta farko ba ta faɗuwa sai ya rasa kusan kashi 15 na ƙarfinsa, saboda haka mai sanduna 9 ta yi nisa da kWh 40 (ma'aunin yawan kuran da batir ke ɗauka) da aka ƙera ta da shi. Wanda ke da ƙaramar na'urar OBD, wadda ake jona wa mota don karanta bayananta, da manhajar LeafSpy zai karanto maka ainihin kason. Atto 3 tana da batir irin LFP, mai jure zafi da yawan cikawa, kuma akwai tsarin sanyaya shi. Sai dai ka tambayi girmansa, akwai na kWh kusan 50 da na kusan 60.

Ka kuma tambaya don wace kasuwa aka yi ta. Wadda aka yi don cikin Sin sunanta Yuan Plus, bakin cajinta GB/T ne, ba irin na Turai ba, kuma rubutun allonta yakan zo da Sinanci. A takardar mai kWh 60 za ka ga kilomita 510, alhali batir ɗin nan a ma'aunin Turai 420 ne. Mota ɗaya ce, ma'auni ne ya bambanta, kuma duka biyun ba da kilim ɗin Maraɗi aka auna ba.

Tambaya: Maigidana yana son ya sayar da motarmu ta mai ya ƙara kuɗi ya sayi ta kuran, wai za mu huta da sayen mai. Riba ce? (Hajiya, Ali Ɗan Sofo)

Hajiya, ku zauna da biro da takarda. Motar iyali mai shan lita 9 a kilomita 100, in lita tana wajen sefa 500, ta ci jika 4 da rabi. Ta kuran da kilim tana cin kamar kWh 18, da ɓarnar caji a ce 20. Mu ɗauka kWh ɗaya sefa 100 ne (ku duba takardar NIGELEC ɗinku ku sa naku farashin, don yana hawa da yawan abin da gida ya sha), jika 2 ke nan. Rarar jika 2 da rabi a kowace kilomita 100. Mai yin kilomita 15,000 a shekara ya tsira da jika 375. In cikon da maigida zai yi miliyan 5 ne, sai an haura shekara 13 kafin ya dawo, lokacin garantin batir, wanda galibi shekara 8 ne ko kilomita 160,000, ya daɗe da ƙarewa. Shi ma garantin sau da yawa ba ya bin motar da dillali ya shigo da ita daga wata ƙasa.

Akwai sauƙi a wani gefen: ba juyen baƙin mai, ba fulogi, birki yana daɗewa don motar da kanta take rage gudu. Amma tana da nauyi, Atto 3 ta kai kilo 1,700, taya na saurin cinyewa. Ranar da ta ƙi tashi, sau da yawa ƙaramin batir mai volt 12 ne ya mutu, ba babban ba. Wannan kowane bakanike zai canza. Abin da ya shafi manyan wayoyi masu ruwan lemo kuwa ɗaruruwan volt ne a ciki, kada a bari yaron gareji ya sa hannu. Kafin ku biya, a nuna muku wanda zai gyara ta da inda ake samo gilashi da fitilarta.

Ribar tana fitowa ne ga gidan da ke yawan zirga-zirga a gari, makaranta, kasuwa, asibiti, kuma cikon bai yi yawa ba. In kilomitocinku kaɗan ne, ku riƙe ta man.

Tambaya: Da wannan ɗaukewar kuran, ta yaya zan caja ta? Janareto zai yi? (Malam, Sabon Gari)

Malam, soket na bango yana ba da kW 2 da ɗan wani abu, batir mai kWh 60 zai haura awa 24 kafin ya cika daga ƙasa. Amma ba kullum kake cika shi ba. Kilomita 40 a rana kWh 8 ne, awa huɗu ke nan. Akwatin caji na bango mai kW 7 yana cika shi a dare ɗaya, sai dai yana jan amfiya 32: sai mitarka ta iya ɗauka, a ja masa waya ta kansa mai kauri milimita murabba'i 6, da abin katse wuta nasa. Wayar ƙasa dole ce, yawancin cajoji ba sa tashi in babu ita, kuma gidaje da dama ba a binne musu ita ba. In kuran ya yi rauni da yamma caji zai riƙa yankewa, ka mayar da shi tsakar dare.

Janareto na ranar ƙa-ƙa-ni-ka-yi ne. Man da ka guje wa shi za ka koma ƙonawa. Sola ta fi. Faifai mai watt 550 yana ba da kWh 2 da rabi ko kusa da haka a rana, huɗu sun rufe tafiyar gari, in motar tana gida da rana kuma inbatarka ta kai kW 5. Wanda ya ga yadda aka kwana lokacin da Najeriya ta katse wa Nijar kuran a Agustan 2023 ya san amfanin wannan tanadi.

Tambaya: Za ta kai ni Yamai? (Wani ɗan kasuwa)

Da caji ɗaya, a'a. Tafiyar ta haura kilomita 600, sai ka tsaya sau biyu, kuma kada ka dogara da wurin cajin da ba ka tabbatar yana aiki da irin bakin motarka ba. Tasawa ka je ka dawo da caji ɗaya in batirin babba ne mai lafiya. Damagaram sai ka kwana ka caja. In Yamai ce hanyarka duk wata, nemi mai haɗa mai da kuran, irin Toyota RAV4 ko Highlander, wadda ba a jona ta ko'ina.