Koci, kar ka karɓi jesin nan

Assalamu alaikum. Koci, na ga tambayarka tun daren jiya, na bari sai da na buɗe shago na samu natsuwa. Ga wanda bai gani ba: Koci yana riƙe da ƙungiyar yara 'yan ƙasa da shekara 17 a wajejen Ƙofar Marusa, gasar unguwanni ta matso, jesinsu duk sun mutu. Sai wani mai harkar betin ya ce zai ba su seti biyu da safa da ƙwallaye, da sharaɗin a buga sunan kamfaninsa a ƙirji. Yana tambaya ko ya karɓa, tunda shi ba cacar zai yi ba, kuma manyan kulob na Turai ma suna sawa.

Ƙanena, kar ka karɓa. Ba daga karatu kawai nake faɗa maka ba, na taɓa karɓar irinta.

Kafin in koma sayar da kayan wasanni da buga lamba a jesi, na yi shekara bakwai ina da gidan kallon ƙwallo a nan cikin Katsina. Duk wanda ya yi sana'ar nan ya san inda take ciwo: kuɗin dish na wata, man janareta, ga benci da ke karyewa duk ranar da aka yi Madrid da Barcelona. Ana cikin haka wani wakilin kamfanin betin ya zo, da fara'arsa da ladabinsa, ya ce zai riƙa biyan kuɗin dish, ni dai in bari ya rataya kyallen tallarsa a gefen talabijin. Abin da na faɗa wa kaina a ranar shi ne abin da ka rubuta jiya, harafi da harafi: ai ba ni zan yi ba, kowa da hankalinsa.

Akwai wani yaro da ke karɓar min kuɗin ƙofa, ɗan mutunci, ba ya wasa da salla, shi ne kuma mai tsaron bayan ƙungiyar unguwarmu. Da naira ɗari ya fara. A sati na uku ya ci, kuma cin nan ne ya kashe shi, don tun daga ranar ya ɗauka ya gano hanya. Wayarsa ta tafi. Takalmin ƙwallonsa ya tafi. Da ya fara tuƙa kurkurar kawunsa, kuɗin balas na kwana da kwanaki ya bi sahu. Kullum maganarsa ɗaya ce: “Wallahi wasa ɗaya ne ya ɓata min.” Har kallon ƙwallon ma ya daina yi masa daɗi. Za ka ga ƙungiyarsa ta ci, kowa na tsalle, shi ya haɗa kai da gwiwa saboda ba a kai yawan bugun kusurwar da ya sa kuɗi a kai ba.

Ranar da mahaifinsa ya zo wurina bai ɗaga murya ba. Dattijon ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi kyallen nan, ya dube ni, ya ce: “Malam, na sake shi ya zo nan ne saboda kai.” A daren na sauke kyallen. Yaron ya daina daga baya, alhamdulillahi, amma sai da aka sayar da tumakin mahaifiyarsa aka biya bashi, kuma bai sake komawa fili ba. Har yau idan muka haɗu da dattijon a jana'iza ko ɗaurin aure, nauyinsa nake ji.

To ka lura, ni a bango na rataya. Kai a ƙirjin 'ya'yan mutane ake so ka buga.

Ka tambayi kanka, me ya sa mutumin bai ce zai ba ku kyauta ba tare da suna ba? Don ba jesi yake bayarwa ba, saye yake yi. Abin da yake saye shi ne amanar da iyaye suka ba ka, da ƙaunar da ƙannen yaran nan ke yi wa yayyensu. Yaro ɗan shekara 10 da ke zaune a bakin layi yana kallon yayansa ya ci ƙwallo, sunan da ke ƙirjin nan zai shige masa rai tare da farin cikin. Ba a banza kamfanoni ke zuba maƙudan kuɗi a kan tafin hannu ɗaya na yadi ba. Dubi mu nan: wane ɗan Arsenal ne bai san Emirates ba, ko da bai taɓa taka filin jirgi ba? Tsofaffin 'yan Chelsea har gobe Samsung suke gani idan sun rufe ido.

Kuma kuɗin da zai saya muku jesin, daga ina ya fito? Lissafin a fili yake. A ce abu biyu ne kawai za su iya faruwa, kuma ƙarfinsu ɗaya. Wani ya sa dubu ɗaya a wannan, wani ya sa dubu ɗaya a wancan. Kamfani ya karɓi dubu biyu, amma wanda ya ci ba dubu biyu za a ba shi ba, sai a ba shi kamar 1,900. Ɗarin nan ta zauna, ko wa ya ci. Haka ake yanka a kowane wasa, dare da rana. Su kuwa yaranmu ba wasa ɗaya suke sawa ba, sai su jera goma a tikiti guda don ɗari biyu ta zama dubbai. Idan kowane wasa rabi da rabi ne, samun goma duka daidai sau ɗaya ne a cikin 1,024. Shi ya sa kullum “wasa ɗaya” ke ɓatawa. Jesin da za a ba ka, kuɗin balas ɗin wani ne da tumakin uwar wani.

Yanzu maganar Turai, tunda ita ce hujjar da ka kawo, kuma ita kowa ke kawowa. Gaskiya ne sun sa. Real Madrid ta yi shekaru da sunan kamfanin caca na bwin a ƙirji, daga 2007 zuwa 2013, AC Milan ma ta sa. A Firimiya, Fulham ce ta fara da Betfair a 2002, daga nan abin ya yaɗu har ya kai a kakar 2024/25 kulob 11 cikin 20 suna ɗauke da sunan kamfanin caca a gaba. Amma ka bi labarin har ƙarshe mana. Italiya ta yi dokar hana tallar caca a 2018. Sifaniya ta biyo baya, daga kakar 2021/22 aka cire su daga jesin La Liga. A watan Afrilun 2023 kulob-kulob ɗin Firimiya da kansu suka amince cewa daga ƙarshen kakar 2025/26 ba sauran tallar caca a gaban riga, alhali a lokacin kulob takwas na samun kusan fam miliyan 60 a shekara daga wannan harka. Ban ce sun tuba ba, don sun bar wa kansu hannun riga da allunan gefen fili. Amma mutanen da ba su da aya ko hadisi a kan lamarin, kuma suna karɓar miliyoyin fam, sun ga ɓarnar ta isa har suna ja da baya. Mu kuma da muke da Suratul Ma'ida, inda Allah ya haɗa giya da caca ya kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan, ya ce da su ake jefa gaba da ƙiyayya a tsakaninmu, sai mu shiga saboda seti biyu?

Ga wani abu da ya fi shafar ka kai tsaye. A Ingila ɗin, ko a lokacin da abin ke tashe, rigunan kulob da ake sayar wa yara ba a sa musu tambarin caca. Uba zai sayi tasa da tambari, ta ɗansa babu. Yaranka 'yan ƙasa da 17 ne. Abin da ake so ka yi a Ƙofar Marusa, a can inda kake kafa hujja da su ma ba a yarda da shi ba.

Su kansu 'yan wasan ba su tsira ba. Ivan Toney, lokacin yana Brentford, an dakatar da shi wata takwas a 2023 saboda karya dokar caca sau 232, kuma likita ya tabbatar cewa cacar ta zame masa jaraba. Duk satin duniya da sunan kamfanin caca na Hollywoodbets a ƙirjinsa yake shiga fili. A shekarar dai aka dakatar da Sandro Tonali na Newcastle wata goma. Waɗannan masu albashin da ni da kai ba mu iya ƙirgawa ke nan, da likitoci da lauyoyi kewaye da su. Yaronka da ke zuwa atisaye ba karin kumallo, wa zai tare shi?

Nakan tuna Frederic Kanoute na Mali. A 2006 yana Sevilla, kamfanin caca na 888 ne a rigarsu, ya liƙe tambarin ya ce addininsa bai yarda ba. Daga baya sun sasanta da kulob ɗin ya ci gaba da sa rigar, don shi ma'aikaci ne, wasu suka sa hannu a kwangila ba da shawararsa ba. Kai ba haka kake ba. Kai ne mai sa hannun, kuma ba wanda ya ɗaure ka tukuna.

Ba zan ɓoye maka ɗaya ɓangaren ba. Kuɗin nan na gina abubuwa. Remo Stars ta Ikenne, mai ita Kunle Soname shi ne shugaban Bet9ja, tana da filinta da makarantar horar da yara, kuma ita ta ɗauki kofin Firimiyar Najeriya a 2025, yayin da irin su Katsina United ke jiran abin da gwamnati za ta sakar musu. Na san zafin ganin yaranka sun shiga fili da riguna kala uku, lamba an rubuta da maka, abokan karawa na dariya. Na sha wannan kunyar. Amma ita a minti 90 take ƙarewa, ba irin wadda na ji a gaban dattijon nan ba.

Sannan ka tuna inda kake. Katsina jihar shari'a ce tun 2000, kuma akwai Hisbah. A Kano an rufe shagunan betin a 2024, a watan Nuwamban shekarar kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa harkar caca hurumin jihohi ne, ba na tarayya ba. Ranar da hoton ƙungiyarka ya hau Facebook da wannan suna, ba mai kamfanin za a nema ba, kai za a kira, kuma iyaye za su fara janye 'ya'yansu tun kafin a kira ka.

Wani ya tambaya a ƙasa game da jesin Turai masu irin wannan tambari da ake sayarwa a kasuwa. Ni dai na daina saro su. Idan sun faɗo cikin dila, nakan faɗa wa mai saye abin da sunan yake nufi, don da yawa ba su sani ba, sun ɗauka kamfanin waya ne ko na lemo. Mafi yawa suna jin haka suke ajiyewa su ɗauki wata.

To ya za ka yi da gasar da ta matso? Yadda muka yi bayan na sauke kyallen nan. Muka sayi jesi marasa rubutu, waɗanda sun fi araha nesa ba kusa ba, seti ɗaya kawai, don seti biyu kwaɗayi ne a matakinku, ranar da kala ta zo ɗaya sai ku ara. Muka raba rigar gida uku: ƙirji, baya, hannu. Mai gidan burodin unguwa ya ɗauki ƙirji, mai kemis ya ɗauki baya, wani mai gyaran waya da ya taɓa buga mana lamba 7 ya ɗauki hannu. Tsofaffin 'yan wasa suka yi karo-karo aka cika kuɗin safa. Kar ka je musu da roƙo, ka je da ciniki: ga yawan wasannin da za mu buga, ga filayen, ga jama'ar da ke taruwa, sunanka zai zagaya gari wata shida. Ka rubuta a takarda, kowa ya sa hannu, don kar gobe a ce ba haka aka yi ba. Masu ruwan leda, masu makarantun kuɗi, masu sayar da kayan gini, duk suna biyan kuɗin talla a rediyo, ba dai wanda ya taɓa kawo musu wannan shawarar ne. 'Yan siyasa ma suna bayarwa, amma ka roƙe su suna kawai ban da hoto, don rigar ta wuce zaɓe ɗaya.

Shi kuma mai tayin, ka sallame shi da mutunci, ba sai an yi faɗa ba. Ka ce iyayen yara ba za su yarda ba, kuma gaskiya ka faɗa. Idan ya ce zai bayar ba suna, nan ma ka yi godiya ka bar masa, don gobe zai zo bakin fili yana raba wa yaran lambar rajista, kuma bakinka ya riga ya mutu.

Idan kun haɗa kuɗin jesin, ka turo min saƙo ta gefe in haɗa ka da inda nake sarowa a Kano a farashin sari. Buga lamba da sunan ƙungiya kuma a kaina, ka kawo su shago ranar Asabar bayan La'asar.