Ga matar sojan da dariyar mijinta ke damunta

Assalamu alaikum ƙanwata. Kin ce maigidanki ya dawo hutu daga bakin daga a Borno, kuma idan abokansa suka taru a zaure sai ki ji suna ƙyaƙyata dariya kan kwanton ɓauna da bindigar da ta cije, har kina tsoron ko zuciyarsa ce ta bushe. Ni tsohon saje ne, na je Laberiya da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a farkon shekarun 1990, yanzu ina zaune a Yelwa nan Bauchi. Dariyar nan na san ta.

Wani dare motarmu ta mutu a tsakiyar daji, ga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Aka ɗauko oba-oba a nemi ɗauki, ita ma ta yi shiru. Kowa ya yi tsit, kana jin haƙoran na kusa da kai suna haɗuwa. Sai wani kofur ya ce, "Saura bindiga ta ce mana azumi take yi." Muka toshe baki muna dariya har da hawaye. Wallahi a lokacin hannuna ya daina rawa, na iya riƙe makamina yadda ya kamata. Kofur ɗin bai dawo gida ba, Allah ya jiƙansa. Har yau in muka haɗu da 'yan rukuninmu sai mun maimaita maganarsa, don ta nan kaɗai muke iya ambatonsa ba tare da murya ta sarƙe ba.

Samarin da suka yi aiki a Lafiya Dole, rundunar yaƙi da Boko Haram wadda ta koma Haɗin Kai a 2021, in sun zo majalisarmu daga Barikin Shadawanka irin zancen ke nan a bakinsu: in hanya ta yi sumul, to an binne mata wani abu, ranar da aka ce babu komai, ranar za ka kwana da takalmi. Mai ji daga nesa zai ɗauka raha ce kawai, alhali kowace ɗaya akwai wanda ya biya ta da jininsa.

Saboda haka dariyar zaure ba ta tayar mini da hankali. Ki lura da shi bayan baƙi sun watse. Yana barci? Yana zabura in an buga ƙofa ko tayar mota ta fashe? Ya fara faɗa kan abin da bai kai ya kawo ba, ko shan magani babu likita? In kin ga haka na ɗorewa, ki samu amininsa ko wani babba da yake jin nauyinsa, a lallaɓa shi ya ga likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa. Na raka mutum biyu, kuma sun samu sauƙi.

Don Allah kada ki tambaye shi ko ya taɓa kashe wani. In ya fara ba ki labari da kansa, ko da dariya ya fara, ki ajiye abin da ke hannunki ki zauna.