Faifan Doom da aka tsinta cikin kayan gwanjo: yana da daraja kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran kwamfuta ne a Kano. A cikin tsoffin kayan da muka sayo na gwanjo daga ƙasar waje na tsinci faifan fulofi guda biyu, an rubuta DOOM a jikinsu. Yaron shagona ya ce ya ga ana sayar da irinsu da tsada a intanet. Gaskiya ne? Kuma ta yaya zan san ko suna aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kafin komai, ka juya bayan kowane faifai, za ka ga wani ɗan maɓalli baƙi a kusurwa. Tura shi har ramin ya buɗe, ka iya hango haske ta cikinsa. Wannan ne zai hana kwamfuta rubuta wani abu a kai bisa kuskure.

Yaronka bai yi ƙarya ba, amma rabin labarin ya ji. Doom wasan harbi ne da kamfanin id Software na jihar Texas a Amurka ya fitar ranar 10 ga Disamban 1993. Mai wasa ba ya ganin kansa, bakin bindigarsa kawai yake gani a ƙasan allo, kamar da idonsa yake kallon lungunan da dodanni ke fitowa. John Carmack ne ya rubuta injin wasan, wato manhajar da ke tafiyar da shi, John Romero kuma yana cikin waɗanda suka tsara matakansa. Ranar da na fara ganinsa a kan wata tsohuwar kwamfuta samfurin 486, sai da na riƙa karkata kaina ina leƙen kwana, kamar ni ne a cikin ɗakin.

Abin da ya shafi faifanka shi ne yadda suka sayar da wasan. Kashi na farko, mai matakai 9, kyauta suka bayar, suka ce kowa ya kwafa ya ba ɗan'uwansa. Wanda ya ji daɗi sai ya aika dala 40 a turo masa cikakken wasan ta gidan waya. Saboda haka ƙananan kamfanoni barkatai suka riƙa kwafar na kyautar a faifai, suna manna tasu takardar, suna sayarwa a shaguna. Irin waɗannan sun cika duniya, kuma abin da ya yi yawa ba ya tsada.

Yawan faifanka ma ya ba ni alama. Fulofi ɗaya megabait 1.44 yake ɗauka. Na kyautar yana shiga faifai biyu, cikakken kuwa ya fi ƙarfin biyu. Don haka zatona na kyautar ne a hannunka, ko kuma cikakken ne aka ɓatar da sauran. Idan ka samu ka girka shi, duba sunan babban fayil ɗin: DOOM1.WAD na kyauta ne, DOOM.WAD kuma shi ne na saye.

Masu tara irin waɗannan kaya ba wasan suke saye ba, domin wasan yana ko'ina. Kwalin asali suke nema mai zanen Don Ivan Punchatz, da ɗan littafin bayani, da faifai cikakku masu takardar id Software, musamman bugun farko da aka aika wa mutane ta gidan waya. Idan ledarsa na nan ba a fasa ba, kuɗin ya ƙara hawa. Wanda ya mallaki abin ma yana ƙara masa daraja: a 2017 Romero ya yi gwanjon nasa faifan Doom II, wasan da ya biyo bayan Doom, a shafin cinikin eBay, aka saya dala 3,150. Sunansa aka saya a nan. Kada farashin da masu talla ke rubutawa ya ruɗe ka, ka duba nawa aka riga aka sayar da irinsa.

Game da gwaji, ka ja murfin ƙarfen nan gefe a hankali, ka dubi baƙin faifan da ke ciki a wurin haske. In ka ga ɗigo-ɗigo fari kamar na fumfuna, kada ka saka shi a na'ura, zai ɓata mata kan da take karanta faifai da shi. In yana da tsabta, nemi makarancin fulofi mai USB, ka kwashe duk abin da ke ciki a karo na farko, don tsohon faifai ba lallai ya yarda a karanta shi sau biyu ba. Ka nisanta su da sifika da duk wani abu mai maganaɗisu, kada kuma ka bar su a shagon kwano lokacin zafin bazara. Ni dai da nawa ne, ba zan sayar ba, zan adana su.

Tambaya: Malam, zan iya buga wannan wasa a wayar Android?

Amsa: Ƙwarai kuwa. Tun 2019 akwai Doom na asali a Play Store da App Store, da ɗan kuɗi kaɗan. Wasan da aka yi wa kwamfuta mai ma'adanar megabait 4 ba zai gagari wayarka ba. A Disamban 1997 kamfanin ya saki rubutun manhajar injin ga kowa, shi ya sa har a kan tarakta an taɓa kunna shi. In ba ka son kashe ko sisi, akwai Freedoom, wanda masu sa-kai suka yi da nasu zane da sauti a kan wannan injin. A kwamfuta kuma manhajar Chocolate Doom za ta ba ka shi yadda yake a da.

Ka guji sauke APK, wato fayil ɗin girka manhaja a Android, daga shafukan da ba ka sani ba, ta nan ɓarayin bayanai ke shiga waya. Sannan wasan cike yake da jini da siffofin shaiɗanu, har Jamus ta taƙaita sayar da shi sai a 2011 ta ɗage. In yara na taɓa wayarka, ka sa masa makulli.