Mario Kart 8 Deluxe ba sai da intanet ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ana buga Mario Kart 8 Deluxe, wasan tseren motoci na na'urar wasa Nintendo Switch, ba intanet. Ana bugawa sarai. Mutum huɗu na iya raba allon talabijin ɗaya, kowa da kusurwarsa. Mu haka muke yi a fadarmu ta Birni nan Damagaram bayan isha'i, ana shan shayi.

Fara da 50cc, wato matakin da motoci ba su da gudu sosai. Kar ka yi gaggawar shiga 200cc, matakin da ya fi gudu, can sai wanda ya iya birki. Kowace gasar kofi tsere huɗu ce. Abin da ke tada rigima shi ne shuɗin ƙoƙon kunkuru, makamin da ake jifa da shi a tseren: na gaba yake farauta, kana dab da layin ƙarshe ya kifar da kai. Akwai kuma fagen fasa balan-balan, yara sun fi son shi.