Hukuncin cin bashi don biya wa ɗa kuɗin jami'a

Tambaya: Malam, albasa nake sayarwa a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Ɗana ya samu gurbi a jami'ar jihar Legas (LASU) da ke Ojo, amma kuɗin rajista ya fi ƙarfina bana. Wani ya nuna mini manhajar bashi a waya, a ba ka yau ka mayar da ƙari bayan wata guda. Wani kuma ya ce yaron ya nemi bashin ɗalibai na gwamnati. Wanne ya halatta?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Allah ya yi wa yaron albarka, ya buɗa maka.

Bashin manhaja haramun ne. Duk rancen da aka sharɗanta ƙari a kansa riba ne, ko da sun kira ƙarin ladan aiki, matuƙar yana hawa da yawan kuɗin ko tsawon kwanaki. Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 275, ya halatta ciniki ya haramta riba. Kada a ce maka lalura ce, domin lalura tana aiki ne idan ƙofofin halal sun rufe, kai kuwa naka a buɗe suke. Na ga magidanci a Agege yana kuka saboda masu irin wannan bashi sun bi lambobin wayarsa kaf, har surukansa, suna kiransa ɓarawo.

Bashin NELFUND, wato asusun bashin ɗalibai na gwamnatin tarayya wanda aka kafa dokarsa a 2024, ba a ɗora masa ruwa ba. Asusun yana tura kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'ar gwamnati, ɗalibi kuma ya fara biya shekara 2 bayan hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na abin da yake samu. Abin da ya karɓa shi zai mayar, don haka ya halatta. Sai dai ya karanta takardar kafin ya sa hannu. In ya ga sharaɗin ƙari, hukuncin ya sauya.

Abin da ke damuna shi ne masu cewa kuɗin gwamnati rabonmu ne, ba sai an biya ba. Ka zaunar da ɗanka ka faɗa masa bashi ne a wuyansa, kuma ƙannen wasu na jiran kuɗin nan. Annabi (SAW) ya ce jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne.

Adashin da kuke yi a kasuwa halal ne, tunda kowa zubinsa yake kwasa. Roƙi abokan zubi su ba ka kwasar watan rajista. In kuma hannunka ya gaza ƙwarai, yaron yana cikin mabuƙata, kuma ya halatta attajiran kasuwa su ba shi daga zakkarsu. Kada kunya ta hana ka yi wa limamin masallacinku magana.

Wallahu a'alam.