Me Ya Sa Muke Daskarar Da Ƙwayar Kafin Mu Haska Ta?

Ka ce, "Malam, ana cewa wannan na'urar hangen ƙananan abubuwa mai amfani da hasken eks-re tana ɗaukar hoton ƙwayar halitta mai rai, to me ya kawo daskarewa?" Tambayarka tana kan hanya, ɗana. Ƙwayar tana da rai har zuwa ƙiftawar idon da muka tsoma ta a sanyi. Abin da muke ɗauka shi ne kamanninta a wannan ƙiftawar, da ruwanta, ba rini, ba yanka.

Fara da hasken kansa. Eks-ren asibiti ratsa ƙwayar yake ya wuce, bai ga komai ba. Namu mai taushi ne, wato mai ƙarancin ƙarfi, muna aiki tsakanin ilektiron-bolt (ma'aunin ƙarfin hasken) 284 da 543, wajen da ake kira tagar ruwa. A nan kabon, sinadarin da ke cikin furotin da kitse, yana shan haske kusan ninki goma na ruwa, sai furotin da kitse su fito da duhu, ruwa ya zama fili. Masanin kimiyya Hans Wolter ne ya nuna amfanin wannan taga a 1952. Mukan tsaya wajen 520, inda hasken ke ratsa kauri har maikuromita 10 (maikuromita dubu ne milimita ɗaya), kuma a rarrabe abu mai nanomita 30 zuwa 50 (nanomita dubu ne maikuromita ɗaya).

Sai dai hasken da ya nuna maka ƙwayar shi ne ajalinta. Yana fasa ruwan cikinta, ɓarɓashin da ya fito ya yi ta yawo yana cin fata da furotin. Gire shi ne ma'aunin yawan irin wannan haske da jiki ya sha, kuma gire 5 a jiki duka na iya kashe mutum. Hoto mai kyau a nan yana cin miliyoyin gire. Jiƙaƙƙiyar ƙwaya takan motsa ko ta tsuke tun hoton farko, alhali kana bukatar hoto sama da 100 daga kusurwa dabam-dabam kafin kwamfuta ta haɗa maka cikinta. A cikin ƙanƙara ɓarɓashin nan ba shi da inda zai je, shi ya sa siffar take tsayawa.

Nan ne aikin hannunka yake. Ka raini ƙwayoyin a kan rariyar zinare mai faɗin milimita 3. Kada ka ɗauki ta jan ƙarfe, guba ce gare su. Ɗiga ƙananan duwatsun zinare masu nanomita 100 zuwa 250, da su kwamfuta za ta daidaita hotuna. Kama rariyar da hantsaki ta gefe, ka tsotse ruwan ta baya da takarda na 'yan daƙiƙu. Ka tsotse da yawa, ƙwayar ta bushe ta baje. Ka bar ruwa, ƙanƙara ta yi kauri, allo ya yi maka baƙi ƙirin. Daga nan sai tsomawa cikin ruwan iten, wani gas ne da ruwan naitirojin ya sanyaya har ya zama ruwa.

Kada ka tsoma cikin naitirojin kai tsaye, ko da yake yana kan digiri 196 ƙasa da sifili. Tafasa yake a jikin abin, tururin ya lulluɓe shi kamar bargo, sanyi ya shiga a hankali, ruwa ya sami damar yin ƙanƙara mai tsini da ke huda fatar ƙwaya. Iten yana kwashe zafin nan take, ruwan ya sandare kamar gilashi. Daga lokacin kada samfurin ya ɗumama ya haura digiri 135 ƙasa da sifili. Sanyaya bakin hantsakin kafin ya taɓa rariya, kuma kada ka yi numfashi a kan tukunyar, raɓar bakinka za ta zauna a kai ta zama dusar ƙanƙara.

Rariya ba ta karkata fiye da digiri 65 zuwa 70 kowane gefe, don haka akwai kusurwar da ba ka gani, abu zagayayye ya fito a miƙe. A Berkeley ta Amurka sukan zuba ƙwayoyin cikin siririn bututun gilashi su juya shi digiri 180, giɓin ya toshe. A Berlin da Barcelona rariya aka fi amfani da ita, don ta fi dacewa da ƙwayar da ke manne wa shimfiɗa.

In ka yi daidai, duba jar ƙwayar jini mai ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro: za ka ga ƙwayar cutar kwance a ciki, da baƙaƙen duwatsun da take tarawa bayan ta cinye jini, kowanne a mazauninsa. In ka ga tsage-tsage ko fararen ramuka masu tsini, koma kan tsomawarka, can matsalar take.