Ɗana, kafin ka jingina tafiyarka da cocin masu fararen kaya

Ɗana, na ga saƙonka, kuma mun yi waya da mamarka. Ka ce wani annabi a cocin masu fararen kaya da ka fara zuwa a Kaduna ya ga wahayi cewa ƙafarka za ta taka Ingila, kuma reshensu na Landan zai yi maka biza idan ka zama cikakken ɗan ikilisiya. Kai ne na uku da ya kawo mini wannan zance a bana, shi ya sa zan amsa a fili.

Ba zan zagi mutanen nan ba, don na ci abincinsu. Farkon zuwana Landan, wata uwa Bayarabiya ta ji ina waya da Hausa a tashar bas a unguwar Peckham, ta gaishe ni da Hausa, ashe a Sabon Garin Kano aka haife ta. Wata huɗu na yi ina kwana a falonta, ita ta kai ni cocinsu. Shekara shida ina tuɓe takalmi a bakin ƙofa ina taka siminti mai sanyi a tsakiyar hunturu, ga ƙamshin turare, ga kyandir a kan bagadi. Abin da zan gaya maka daga ciki na gan shi.

Fara da tambayar wane ne "reshenmu". Waɗannan cocin ana kiransu Aladura, wato masu addu'a da Yarabanci, kuma iko a cikinsu daga wahayi da baiwar shugaba yake fitowa. Kerubim da Serafim ta fara a Legas a 1925 ta hannun Moses Orimolade da Christiana Abiodun, zuwa 1929 su biyun sun raba gari, yau ɓangarorinta da yawa, kowane da nasa shugaba. Celestial kuwa wani kafinta ne, Samuel Oshoffa, ya kafa ta a Porto-Novo, ƙasar Benin ta yanzu, a 1947. Da ya rasu a 1985, rigimar wanda zai gaje shi sai da ta kai Kotun Ƙolin Najeriya. Saboda haka suna ɗaya a kan allo ba ya nufin hukuma ɗaya. Mai yiwuwa makiyayin Landan bai taɓa jin sunan annabinka ba, kuma ba wanda zai tilasta shi ya cika alkawarin da wani ya yi.

Kai a ECWA ka tashi, inda ake zaɓen dattawa, DCC, wato majalisar cocin gunduma, ta turo fasto ta kuma ɗauke shi, ana karanta rahoton kuɗi a gaban jama'a. Cire wannan daga ranka. Inda na zauna, sai da aka sake yi mini baftisma, na ɗinka farar riga da kuɗina, sannan na fara daga matakin ƙasa. Ana hawa ne ta shafewa da mai, mataki bayan mataki, shekara da shekaru, kuma ɗamarar da ke ƙugun mutum da ɗinkin rigarsa su ke nuna inda zai zauna da wanda zai rusuna wa. Mata na da nasu matakan, su ke riƙe da kicin da bikin godiyar kaka, amma ba sa hawa bagadi. Kwamitin ikilisiya kuma da Yarabanci yake zama. Ba don ƙiyayya ba, harshen da suke addu'a da shi ke nan, amma ni dai sai an gama yanke shawara ake fassara mini.

Ga abin da ya ƙona mini rai har yau. Shekara uku muna tara kuɗin sayen gini. Ina aikin gadi da dare, in fito da safe in wuce coci in share, kowane wata in ba da zakka in ƙara da na gini. Da rigima ta tashi tsakanin makiyayi da mataimakinsa, coci ta dare gida biyu, sai na je neman bayanin kuɗinmu. A nan na gane cewa a dokar Ingila coci irin tamu ƙungiyar agaji ce mai rajista da Charity Commission, hukumar da ke kula da ƙungiyoyin agaji, kuma amintattunta ne ke da iko da asusu. Na buɗe shafin hukumar a intanet, na ga suna uku: makiyayi, matarsa, da surukinsa. Ni da na yi shekara shida, sunana ba ya kan wata takarda. Ko ƙuri'a ba ni da ita. Na fita da rigata a leda, na koma makaranta, da gumina na zama ma'aikacin jinya, ba coci ce ta yi mini takarda ba.

Batun biza kuwa gajere ne. Coci ba ta iya kawo kowa sai tana da lasisin ɗaukar nauyi daga ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya, kuma jerin masu lasisin a buɗe yake, kowa na iya dubawa. Bizar ma'aikacin addini ta wucin gadi ce, ba ta wuce shekara 2, ta aikin agaji kuma shekara 1 ce ba albashi. Idan lasisin cocin ya faɗi, izinin zamanka ya shiga haɗari. Idan karatu kake so, jami'a ce ke ba da takardar tabbatar da gurbin karatu da ake kira CAS, kuma a lokacin zango awa 20 kawai aka yarda ka yi aiki a mako. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi a hannu ya saya maka takardar ɗaukar nauyi, kada ka ba shi ko kwabo, kada kuma ka bari mamarka ta taɓa filin nan da mahaifinka ya bari.

Koma wurin annabin cikin ladabi, ka roƙi cikakken sunan cocin Landan, lambar rajistarta da sunan makiyayinta, ka turo mini. Zan duba rajistar, zan duba lasisin, ranar Lahadi kuma in shiga bas in je in gan su da idona. Kafin nan, je ka karɓo takardun sakamakonka daga makaranta, mu fara neman gurbin karatu.